Tirelar Kawu: daga akwatin kaya zuwa ɗakin kwana, da ranar da ta so watsar da mu a hanyar Odessa

Bari in fara warware maganar tirela tukuna, dan na san da an ce tirela hankalin mutum zai tafi kan irin masu ɗaukar siminti a hanyar Kaduna zuwa Kano. Ba ita nake nufi ba. Wannan wani rufaffen akwati ne mai tayoyi, ba inji ba sitiyari, maƙala shi ake a bayan akori-kura a ja, a nan Amurka masu yankan ciyawa da kafintoci da masu manyan babura su suka fi saye dan zuba kayan aiki. Ta Kawu faɗinta ƙafa 7, tsawo ƙafa 14, taya huɗu, ko ƙaramar kwantena bata kai ba. Kuma duk wanda ya taɓa zama a shagon kwantena da azahar a watan Afrilu toh ya riga ya san rabin matsalar da zan faɗa.

Kawu ba kawuna na jini bane, a masallaci muka saba a yankin Dallas, ɗan Damagaram ne, kowa Kawu yake ce masa har waɗanda suka girme shi. Ya yi tuƙin tasi shekara da shekaru, daga baya ya koma aikin sito, yanzu ya kusa ajiye aiki. Abun da ke cin ransa wai ya tsufa a ƙasar nan amma banda filin jirgi da titunan Dallas ba inda ya sani, ga 'yarsa tana aure a Phoenix duk zuwa sai an yi kuɗin jirgi ko na otal, ga Hajiya bata yarda da abincin hanya, ita in ba tukunyarta ba gara ta kwana da ruwan shayi. Shine ya ce ɗaki zai yi mai taya.

Tambayar farko da kowa ya masa, har ni, me ya hana ka sayi wanda aka riga aka ƙera? Ai akwai su birjik, garin Elkhart na jihar Indiyana kusan sana'arsu kenan. Amma lokacin bayan korona ne, kowa ya gaji da zaman gida ya afka wa irin waɗannan motocin kwana, a 2021 kaɗai kamfanoni sun fitar da sama da dubu 600, farashi ya yi sama, dillalai ko kallonka basa yi in ka nemi ragi. Sannan masu arahar cikinsu ƙashin jikinsu siririn katako ne aka lulluɓe, da ruwa ya samu kafa ta rufi ya shiga shikenan ruɓewa zai yi ta yi a ɓoye. Ita ko tirelar kaya ƙashinta ƙarfe ne da walda, fatarta alminiyom, dan wahala aka yi ta. Dalili na ƙarshe shi ya fi bani dariya amma shi ya fi ƙarfi a wajensa: mun shiga guda nawa muna dubawa, duk an cika su da kujeru da teburi da gadon yara, ba inda mutum zai shimfiɗa darduma ya yi sujada goshinsa bai bugi kabad ba.

Da zai yi oda abu uku ya dage a kai, kuma duka ukun ya yi daidai. Ya ce a ƙara mata tsayi ciki ya zama ƙafa 7, dan yawancinsu ƙafa 6 ne ko 6 da rabi, in ka sa abun tare zafi sama da ƙasa sai ka rasa kusan inci 3, dogon mutum sai ya riƙa tsayuwar salla a duƙe. Ya ce ƙofar baya a yi masa mai ɓari biyu maimakon mai saukowa ƙasa irin ta hawa da babur. Sai aksil biyu, wato ƙarfen da tayoyi ke jikinsa, kowanne na ɗaukar fam 3,500, da birkin lantarki a duka. A jikin tirelar ta gefen hagu akwai wata takarda da aka liƙa, ita ce ke faɗin iyakar nauyin da aka yarda ta kai, fam 7,000, wajen kilo 3,175 kenan, ita kanta ba komai ciki ta kusa fam 2,200. Kawu ya karanta ya ce ashe ina da sararin fam 4,800, ko buhunan gero zan loda ba zan cike ba. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Asabar ɗin farko cire filawud ɗin bango muka yi, kuma ina ba duk mai son wannan aikin shawara ya fara da nan ko da sabuwa dal ya sayo. Muka shiga muka ja ƙofa da rana tsaka, sai ga haske na shigowa ta kusurwoyi wajen biyar, inda haske ya bi kuwa ruwa da ƙura za su bi. Wayoyin fitilu an zura su ta cikin hudar ƙarfe haka nan tsirara ba ko roba a bakin hudar, tafiya ta yi tafiya ƙarfen zai yanka su. Wasu wuraren waldar har sun fara tsatsa. Ba wai mugunta bace, dan kwali da injin yankan ciyawa aka ƙera ta, ba wanda ya yi tunanin mutum zai kwana ciki. Muka goge tsatsa muka shafa fenti, muka toshe kafofi da gam mai hana ruwa, wayoyin muka sa musu riga.

Sai abun tare zafi. Ginshiƙan bangon ƙarfe ne mai kusurwa huɗu kaurin inci 1, an jera su inci 16 tsakani, dan haka sararin da kake da shi inci 1 ne kacal. Muka sayo allunan soso mai tauri irin mai fatar azurfa a fuska, muka riƙa yankawa daidai kowane gurbi muna cusawa muna bin bakin da salatif na alminiyom. Aiki ne mai cin rai wallahi, ba gurbi biyu da suka zo daidai da juna, sai ka auna kowanne da kansa. Rufi ma haka, ƙasa kuma muka shimfiɗa soson a kan katakon asali muka ɗora wani filawud ɗin sannan leda. Da muka gama Kawu ya ɗauko farin allon silin ya ɗaure shi da noti kai tsaye a jikin ƙarafan rufi, ya yi kyau kamar ɗakin amarya, ni ma ban ga laifin hakan ba a lokacin.

Maganar ƙofa kuwa Hajiya ce ta gano, ba mu ba. Ta zo ganin aiki ta shiga, jikanta ɗan shekara biyar yana wasa a waje ya ja wannan doguwar sakatar ƙarfen ya rufe. Ta ciki ba hannu ba komai. Minti ɗaya bai cika ba muka buɗe amma ta fito fuskarta ta canza, tace Alhaji yanzu da a daji ne wani ya rufe mu ya sa kwaɗo fa? Ko wuta ta tashi? Ba wanda ya ce uffan. Satin nan Kawu ya huda ƙofar gefe ya sa mata makulli irin na motocin kwana wanda ake buɗewa ta ciki, ita kuma sakatar waje duk inda aka sauka sai a buɗe ta a datse ta da kwaɗo a buɗen yadda ba mai iya rufe ta. Taga biyu muka sa, ɗaya daga ciki irin wadda ake turawa ta buɗe gaba ɗaya mutum ya fita ta nan, kusa da gado. Huda jikin sabuwar tirela da zarto ba ƙaramin ƙarfin hali bane, Kawu sai da ya auna sau huɗu ya yi bismilla sau biyu. In tagar ta fi gurbi faɗi dole a yanke ginshiƙi guda, toh nan sai an yi wa bakin firam da walda ko katako mai ƙarfi, in ba haka ba bangon zai riƙa lanƙwasa. A rufi kuma muka huda inci 14 da 14 muka sa fanka mai zuƙo iska waje.

Gwajin farko da sanyi muka yi, ni da shi, a Palo Duro kusa da Amarillo, wani ƙaton kwazazzabo mai jan dutse. Lokacin ba gado ba kabad, katifu biyu kawai a ƙasa da ƙaramar hita mai aiki da gas. Dare ya yi sanyi ya sauko sosai, muka rufe tagogi ruf muka kashe fanka dan kar ɗumi ya gudu, muka kunna hitar. Wajen ƙarfe huɗu na asuba naji abu ɗis a goshina. Na goge na juya, can sai wani ɗis a kunne. Na haska tocila sama, wallahi kowane kan noti na silin ɗauke yake da ɗigon ruwa, a jere reras layi-layi, kana iya ƙirga inda kowane ƙarfe ya bi a bayan allon. Tagogi kamar an watsa musu ruwa, bargon Kawu ta wajen bango ya jiƙe. Ya tashi zaune yace kai ɗan nan ruwa ake? Nace Kawu ko hadari babu, taurari ne fal a waje. Yace toh rufin na yoyo kenan an cuce ni.

Ba yoyo bane, zufa ce, kuma mu muka kawo ruwan da kanmu. Numfashin mutum biyu dare guda ruwa ne ba kaɗan ba, ga uwa uba hitar: duk kilo 1 na gas ɗin da ya ƙone yana sakin ruwa wajen kilo 1.6 a iska, kuma irin wannan hitar bata da bututun fita, duk a cikin ɗakin take zubarwa. Shi kuma ƙarfe yana ɗauko sanyin waje ya shigo da shi kai tsaye, soson da muka sha wahalar sawa tsakanin ƙarafan ne kawai, su ƙarafan kansu ba abun da ya rufe su, notin da ya shiga jikinsu shima ya yi sanyi ƙarara. Tururi ya taɓa shi ya koma ruwa, kamar dai yadda kofin silba ke gumi in an zuba masa ruwan ƙanƙara. Wanda muka gani a kan noti ma mai sauƙi ne, wanda ke taruwa a bayan allo inda ido baya kaiwa shi ke kawo fumfuna da tsatsa.

Dole muka sauke silin gaba ɗaya. Kawu ya yi kwana uku baya son a ta da maganar. Muka bi duk rufin da wani soson mai kaurin rabin inci wanda ya haye kan ƙarafan ya rufe su, muka ɗaura siraran katakai, allon silin ya koma yana kama katako maimakon ƙarfe. Bango ma haka aka yi masa, an rasa kusan inci 2 na faɗi amma ba komai. Hitar gas aka ba wani, aka sayo ƙarama mai shan dizal wadda hayaƙinta ke fita ta ƙasan tirela, iskar ɗakin kawai take ɗumamawa, lita ɗaya ko biyu na kai ta dare. Aka kafa doka: ko sanyi zai kashe mutum fankar sama bata mutuwa, tana kan mafi ƙanƙanta, taga ɗaya kuma a ɗan sassauta ta. Muka sa ƙararrawar hayaƙi da ta wannan iskar mai kisa da bata da wari, irin dai wadda ke kashe mutane in sun kwana da janareta ko gawayi a ɗaki. Ta gas kuma ƙasa-ƙasa ake sa ta dan shi gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, tukunyarsa ma a waje take a kan dogon wuyan tirelar.

Banɗaki shima an sha muhawara. Turawan da ke wannan harkar yawanci masai busasshe suke yabo, wanda ake zuba garin katako ko ɓawon kwakwa, baya buƙatar ruwa. Toh amma sharaɗinsa kenan, kar ruwa ya shiga, mu kuma da buta muke aiki, kwana biyu zai koma abun da ba a faɗa. Hajiya tace ita ba a kawo mata wannan ba. Aka koma mai ɗan tanki a ƙasa da ake zarowa a kai wajen da aka tanada dan zubarwa, wajen galan 5 yake ci. Aka ɗora shi cikin wani faffaɗan tire mai magudana da labule, nan ne wanka nan ne alwala, ruwan na gangarawa wani tankin daban a ƙasa. Sauran tsarin ba wani abun mamaki, gado a can baya a gicciye an ɗaga shi sama dan a samu ma'aji a ƙasansa, kicin a gaba da risho mai kai biyu da ƙaramin firji, tebur mai naɗewa jikin bango, tsakiya kuma fili fayau na darduma biyu gaba da baya. Alƙibla daga nan arewa maso gabas take, dan haka in za a faka Kawu sai ya fito da waya ya duba ya yi ta gaba da baya har sai tsawon tirelar ya kalli can, maƙwabta na kallo suna zaton bai iya ribas bane.

Wuta ba zan ja ta da tsawo ba dan duk wanda ya yi zaman Najeriya ya san sola da inbata. Wat 400 a rufi, batir biyu na litiyom kowanne amfiya 100, a haɗe sun kai wat-awa 2,560. Fitilu da fanka da firji da cajin waya ba su ma san suna ci ba. Esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, shi ne dai gardama, ƙaramar ta taga tana jan wajen wat 450, in ka lissafa awa biyar ta shanye batiran tas, dan haka ko dai a je inda ake da soket a jona ko a tada janareta. Abu biyu kawai zan ja kunne: wayar gida mai silli ɗaya bata yi a abun da ke girgiza a hanya, karyewa take, sai mai gashi-gashi, sannan fis ɗin farko a kusa da batir ake sa shi, tazarar ɗan taƙi. Kuma batirin litiyom ba a cajinsa in sanyi ya kai na daskarar ruwa, lalacewa yake, shi ya sa nasa a cikin ɗaki suke.

Toh yanzu ga inda nake son zuwa. Wannan ma'ajin na ƙasan gado ya yi wa Kawu kyau, fili ne babba a ɓoye, ga ƙofar baya kana buɗewa ka ga komai. Sai ya zuba masa tankin ruwa mai galan 40, batiran nan biyu da inbata, janareta, safayar taya, akwatin sifanu, buhun shinkafa da jarkar mai. Ruwa kaɗai in tankin ya cika fam 334 ne, kilo 151, tunda kowace lita kilo guda ce. Duk wannan a bayan tayoyi. Nace Kawu ko za mu hau sikeli kafin mu ɗau hanya? Yace haba, ido ba mudu bane amma ya san kima, ko rabin abun da takarda ta ce bamu kai ba, kalli ma yadda motar take tsaye ko ɗan duƙawa bayanta bai yi ba. Ni ma sai naga kamar hujja ce. Ashe wannan rashin duƙawar shine alamar ciwon.

Muka cika tanki muka kama babbar hanya mai lamba 20 muka yi yamma, niyyarmu Monahans, wani wuri mai tuddan rairayi gaba da Odessa kaɗan, Kawu na ta zumuɗi wai zai ga yashi irin na gida. Har Abilene lafiya lau dan bamu wuce mil 55 zuwa 60 ba. Da muka wuce Midland hanya ta miƙe sambal, ƙasar mai ce, manyan motoci kamar ƙudaje kowa na tsala gudu, Kawu ya ɗan ƙara wuta ya kai 68. Wata doguwar tanka ta zo ta gefen hagu ta wuce mu fuuu. Naji kamar an kama bayan motar an ja shi hagu, sannan dama, na kalli madubi naga gefen tirelar gaba ɗaya ya leƙo, ya ɓace, ya leƙo ta ɗaya madubin, kuma kowane kaɗawa ya fi na baya faɗi. Butar da ke ƙafata ta kife. Ban san sanda na fara innalillahi da ƙarfi ba. Kawu dai tsohon direba ne, bai taka birki ba kuma bai biye mata da sitiyari ba, ya ɗage ƙafa daga totur ya riƙe kan motar tsaye, ya kai hannu ƙasan dashbod ya matse ɗan makunnin da ke kama birkin tirelar ita kaɗai. Sai naji kamar an ja mu ta baya, ta kaɗa sau biyu ƙanana ta miƙe. Duka abun bai fi daƙiƙa shida ko bakwai ba. Muka gangara gefe muka tsaya, ya kashe mota, hannunsa na rawa a kan cinyarsa, yace ɗan nan ina sikelin da ka ce?

A manyan gidajen man da direbobin dogon zango ke tsayawa akwai sikelin hawa da mota, kuɗi kaɗan ake biya, faranti uku ne a jere, tayoyin gaba a ɗaya, na baya a ɗaya, tirela a na uku. Ka hau da tirela a baka takarda, ka je ka kwance ta ka dawo da motar ita kaɗai a sake aunawa. Bambancin nauyin motar tsakanin awo biyun shine abun da wuyan tirelar ke dannawa a kan ƙugiyar da ake maƙala ta a bayan mota. Muka lallaɓa da mil 45 har muka samu ɗaya. Tirelar gaba ɗaya fam 4,600, wato Kawu ya yi gaskiya bai kusa iyaka ba. Amma abun da ke kan ƙugiya fam 280 ne kacal, kashi 6 cikin 100. Ƙa'idar da masu ƙera tirela da masu ƙera mota duk suka yarda da ita kashi 10 zuwa 15 ce, nasa ya kamata ya faɗa tsakanin 460 da 690.

Yadda abun yake, tayoyin tirela kamar tsakiyar lilo ne. In nauyi ya rinjaya gaba, tana danne ƙugiya tana bin mota kamar raƙumi da akala. In ya taru a baya sai wuyan ya yi sakayau, ya ma rage wa tayoyin bayan motar kamun ƙasa, jelar kuma ta zama kamar guduma a ƙarshen igiya, da iska ta ture ta sau ɗaya sai nauyin ya kwashe ta ya wuce da ita, ta dawo da ƙarfin da ya fi na farko. A ƙaramin gudu kaɗawar na mutuwa da kanta, akwai gudun da in an haye shi sai ta riƙa ƙaruwa, shi ya sa muka yi awanni bamu ji komai ba. Ga ruwa kuma da ke kai-kawo a tanki yana ƙara mata. Ni a ganina nan ne mafi yawan masu wannan aikin ke faɗawa, ana zana ɗaki a takarda kamar ɗakin da ke kan fandisho, ina gado zai yi kyau ina kicin zai yi kyau, ba wanda ke rubuta nauyin kowane abu a gefensa. Nan take a filin gidan man muka buɗe famfo muka zubar da ruwan saura kaɗan, janareta da akwatin sifanu suka koma bayan akori-kura, buhun shinkafa muka jawo shi gaba wajen kicin. Monahans dai mun je, Kawu ya cire takalmi ya taka yashi, amma rabin hirar daren duk ta tanki ce.

Gyaran ya ci wata guda da 'yan kwanaki. Aka ciro tankin aka kwantar da shi a ƙasan benci daidai kan aksil na gaba, ɗan gaba da shi kaɗan, yadda ko cike yake ko wayam ba zai canza ma'auni sosai ba. Batir da inbata suka koma can ƙuryar gaba, wanda ya sa dole aka sake jan wayoyi kusan duka, aka sake huda ƙasa dan bututu, tsohuwar hudar aka toshe. Ƙasan gado yanzu barguna ne da kujerun zama waje da tabarmi, kayan da ba nauyi. Muka koma sikeli da tanki cike, ƙugiya ta nuna fam 580, kashi 12 da ɗoriya. Sai kuma wani lissafin ya taso, dan wannan 580 ɗin a kan motar yake sauka, a haɗa da mutane da janareta da duk abun da ke bayanta, kuma ita ma tana da tata takardar a jikin ƙofar direba mai faɗin iyakar abun da za ta ɗauka. An sha da kyar, saura kaɗan. Ya ƙara da ƙarfen hana kaɗawa a ƙugiya, amma wanda ya sayar masa ma ya gaya masa wannan taimako ne kawai, baya gyara lodin da aka yi ba daidai ba. Tayoyin tirela da yawa mil 65 aka yi su dan shi, yanzu Kawu 60 yake tafiya ko a inda allo ya ce 80, masu hon su yi ta yi.

Akwai ƙananan ciwon kai da basu da magani. Unguwarsu an hana ajiye tirela a ƙofar gida, sai haya yake biya a wani fili. Inshorar mota na ɗaukar ɓarnar da tirelar ta yi wa wani in tana maƙale, amma aikin da aka zuba a ciki sai da ya sha yawo kafin ya samu masu karɓa, sun nemi hotuna da rasiɗai, Allah ya so Hajiya na tara su a leda. Wani wurin sauka na 'yan kasuwa ya maida su daga bakin get wai ba su karɓar ƙirar gida, sai mai tambarin ƙungiyar masu ƙera motocin kwana. Na gwamnatin jiha basu taɓa tambaya ba. Kuɗi kuwa, abun da ya kashe a ciki ya haura kuɗin tirelar kanta, banda asabar ɗin da muka ƙona, kuma ya san in zai sayar ba mai biyansa wannan. In ka tambaye shi ko an yi araha sai yace a'a, amma ya san inda kowace waya ta bi.

Da hunturu suka tafi Arizona shi da Hajiya, ta El Paso da Tucson, suka yi sati a Phoenix tirelar na fake a gefen gidan surukinsa, sannan suka ƙara gaba zuwa Quartzsite, ɗan ƙaramin gari a hamada da ke cika maƙil da masu irin waɗannan motocin duk watan Janairu. Can filayen gwamnatin tarayya ne, hukumar da ke kula da su na riƙe da eka wajen miliyan 245 yawanci a yammacin ƙasar, a wurare da dama kana iya sauka kyauta har kwana 14 sannan ka matsa, abun da babu shi sosai a Texas. Galan 40 ɗin kwana biyar yake musu in an yi tsimi, alwala ce ke cin kaso mafi yawa, Kawu ya koma yi da ƙaramar buta yana ƙirga. Ya kira ni da asuba ranar da suka kwana uku a can, nace Kawu lafiya? Yace lafiya lau, tocila na haska sama ne, ko ɗigo babu. Sai naji muryar Hajiya daga baya tana cewa a gaya mini ƙofar kabad ɗin da na sa wa maganaɗisu ta buɗe a hanya, garin kuka ya zube har cikin takalman Alhaji, in sun dawo in zo da sakata.